Zan fara gudun asuba da naira 30,000: gwanjo ko sabo, kuma me zan riƙa?

Abu Khalil:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekaruna 44, aikin ofis nake yi, kuma makonni biyu da suka wuce likita ya shaida mini cewa jinina ya fara hawa, ya ce in rage gishiri in kuma riƙa motsa jiki. Na yanke shawarar fara sassarfa bayan sallar asuba a gefen titin Gwarzo a nan Kano, domin shi ne kaɗai lokacin da nake da shi kafin in kai yara makaranta. Abin da na ware wa kayan gaba ɗaya naira 30,000 ne, ba kuma zan iya ƙara ko kwabo ba sai an yi albashi. Na ga takalmin gwanjo a Ƙofar Wambai an yi mini kuɗi 18,000, na kuma ga sabo fil a kwalinsa a wani shago an ce 22,000, sai dai zuciyata ba ta kwanta da shi ba, saboda sunan kamfanin da ke jikinsa ya fi ƙarfin wannan kuɗi. Wanne zan ɗauka? Sannan a wannan hunturu me ya kamata in sa, kuma shin wajibi ne in riƙe ruwa da waya, alhali gudun ba zai wuce minti 30 ba?

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam. Malam, araha ba ta ado. Ni Asics nake sawa, na saye shi 140,000 a Abuja, kuma tun daga ranar ban sake jin gwiwata ba. Ka haɗa da agogon da ke auna bugun zuciya, musamman tunda kana da hawan jini.

Baba Tsohon Soja:
Ɗana, kada ka bari a rikita ka. Mu da muka yi shekaru muna fita gudun safiya a bariki, kambas ne a ƙafarmu mai tafi kamar faifai, da gajeren wando da singileti, ba agogo ba gorar ruwa, kuma ga ni har yau ina hawa bene ba tare da na dafa bango ba. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi a ƙafarsa ya lashe gudun fanfalaki na wasannin Olamfik a birnin Rum a 1960. Ƙafa ita ce ke gudu, ba kwali ba. Ka ɗauki duk abin da ke gidanka ka fita gobe.

Mai Dila:
Yallaɓai mai tambaya, ni sana'ata ke nan, shekara goma sha ɗaya ina fasa dilar takalma. Maganar gaskiya, 18,000 ba ta sayen lamba ɗaya a yanzu, sai dai in wanda aka tsince aka bari ne. Mai kyau daga 25,000 yake farawa. Duk da haka gwanjon kirki ya fi wancan na kwali, domin shi gam kawai ke riƙe da shi. Idan ka je, kada kyan sama ya ɗauke maka hankali, domin wanki da buroshi suna mayar da tsoho yaro. Ka kifa shi ka duba dunduniya: idan gefe ɗaya ya cinye, to tafiyar mai shi na farko za ka gada. Ka sa babban yatsanka ka danna soson da ke tsakiyar tafin. In ya lotsa ya dawo yana da sauran rai, in kuwa ya yi tauri ko ka ga ya tattare da layuka kamar goshin tsoho, ka ajiye. Ka zaro shimfiɗar ciki ka duba ko an taɓa ɗinke shi. Ka je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa gudu da ita, ka kuma bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafarka da bakin takalmin.

Maman Iman:
Malam Mai Dila, da girmamawa, ni bara na sayi nawa 9,500 a wannan kasuwar, kuma har yanzu shi nake sawa. Wataƙila na mata sun fi sauƙi, ko kuwa fuskar mai saye ake dubawa. Game da sutura, mu mata damuwarmu daban ce. Na fara da dogon hijabi har ƙasa, ranar farko ya harɗe ni na kusa kifawa. Yanzu ina sa wanda ya tsaya a gwiwa, marar nauyi, da wando mai faɗi wanda ƙafarsa ke da roba, da rigar mama mai kama jiki sosai, wadda ita ce ta fi komai wahalar samu. A hunturu ina shafa basilin a leɓe da cikin hanci da dunduniya kafin in fita.

Mai Dila:
Hajiya, farashin bara ai ya zama tarihi. Ki je ki tambaya yau ki dawo ki ba mu labari.

Abban Walida:
Kuna ta maganar takalmi, ni kuwa tambayarsa ta ƙarshe ce ta tayar mini da tsohon miki. Ɗan'uwa, don girman Allah kada ka fita da babbar waya. A watan Janairun da ya wuce na kai wata huɗu ina gudu, na rage kiba, har abokan aiki sun fara tambayata sirrin. Ina ɗaure wayar a damtse cikin irin jakar nan mai fuskar leda, abin sauraro a kunnuwana biyu ina jin karatu. Ranar da abin ya faru akwai hazo, gari bai gama wayewa ba, kuma hasken wayar yana fitowa ta cikin ledar kamar na rataya fitila ina kiran ɓarayi. Ban ji tahowar Adaidaita Sahun ba sam, sai ganin mutum biyu na yi a gabana, na uku yana riƙe da kan mashin. Na miƙa hannu ina nufin in kwance musu jakar da kaina, su kuwa suka ɗauka gardama zan yi, sai ɗayan ya sa wuƙa ya yanke igiyar tare da naman da ke ƙarƙashinta. Ɗinki tara aka yi mini. Wani mai shayi ne da yake hura wuta ya ɗaure mini hannun da tsumman goge tebur, ya kuma tare mini abin hawa, kuma da aka tambaye ni lambar wanda za a kira sai na ga ko ta matata ban haddace ba, ba kuma ko naira ɗaya a aljihuna. Kafin in kai ga rufe layin sun kwashe abin da ke asusuna na banki. Na kai rahoto, aka rubuta a takarda, aka ce za a neme ni, yau wata goma sha ɗaya ke nan. Takalmin da na saya 32,000 yana nan ƙarƙashin gado, kibar ta dawo har da riba, kuma ko masallaci zan tafi da asuba sai na yi ta waiwaye.

Maman Iman:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya mayar maka da mafificin alheri, Malam. Wannan ne ya sa ba na fita sai mu huɗu, kuma sai an ga fuskar mutum daga nesa.

Baba Tsohon Soja:
Allah Ya tsare gaba. Amma ɗana, wanda ya toshe kunnuwansa biyu a kan titi cikin duhu ya riga ya ba da rabin kansa.

Abban Walida:
Baba, na karɓi laifin kunne, amma ba ni na ba su wuƙar ba.

Na Gwale:
Allah Ya kiyaye. Ni matsalata ta fi ta kowa sauƙi. Ranar da na fara gudu a lungunmu, wani dattijo ya fito daga masallaci ya gan ni, bai tambayi ba'asi ba ya tattare babbar riga ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, kafin mu kai bakin titi mun zama mu shida. Shawarata ga mai tambaya ita ce ya sa kayan da kowa zai gane motsa jiki yake yi, domin mai gudu da jallabiya ko dai a bi shi ko a biyo shi. Amma fa na ji an ce idan aka sa leda ko rigar ruwa a ciki tumbi ya fi saurin narkewa.

Ummu Sudais:
Ina yi wa Abban Walida jaje. A sashen gashin ƙashi nake aiki, kuma ina roƙon kada kowa ya gwada maganar ledar nan, balle mai hawan jini. Abin da ke fita ruwan jiki ne ba kitse ba, da zarar an sha ruwa nauyin ya dawo, ga haɗarin jiri da faɗuwa. Malam Abu Khalil, ka koma ka tambayi likitanka ko gudu yake nufi ko tafiya da sauri, kuma ko da ya amince ka fara da haɗa su: minti ɗaya sassarfa, minti biyu tafiya. Idan ka ji ciwon ƙirji ko jiri ka tsaya nan take. Rigar auduga tana shan gumi ta riƙe shi, sai iskar hunturu ta bugi jiƙaƙƙen ƙirji. Rigar 'yan ƙwallo ta fi, domin tana saurin bushewa, sai ka ɗora mata wata marar nauyi mai zif wadda za ka iya ɗaurawa a ƙugu idan jiki ya ɗumama. Gudun rabin sa'a a sanyi ba ya bukatar riƙe gora, ka sha kofi ɗaya kafin ka fita ka ƙarasa idan ka dawo. Lokacin bazara ne lissafin ke canzawa. Wanda yake shan maganin suga ya sa dabino biyu ko uku a aljihu. Shi kuwa takalmi, soson cikinsa yakan gaji ne bayan kilomita 500 zuwa 800, wato mai yin kilomita 15 a mako zai ci moriyarsa wata takwas zuwa shekara, kuma aibin gwanjo shi ne babu wanda ya san nawa mai shi na farko ya riga ya cinye. Baba, ranka ya daɗe, shi ma Bikila da ya sake lashe gasar a Tokiyo a 1964 da takalmi ya yi gudun, kuma bai fara yana da shekara 44 bayan zaman kujera ba.

Baba Tsohon Soja:
'Yata, ke waɗanda suka ji ciwo kawai kike gani, shi ya sa kike ganin kowa majinyaci ne. Mu dubbai muka yi gudu da kambas ba mu zo wurinku ba.

Ummu Sudais:
Wasunku suna zuwa, Baba, sai dai bayan ritaya suke zuwa.

Ɗan Birni:
Ni dai na yi gudun fanfalaki na Legas, kilomita 42 da ɗoriya, don haka ina ganin na fi mai sayarwa da mai gasawa sanin abin da ƙafa ke ji. Shi Mai Dila ai ba zai kushe hajarsa ba.

Mai Dila:
Alhaji, ni na gaya masa yadda zai gane marar kyau a cikin kayana, kai kuwa ka aike shi Abuja da kuɗin da ba shi da su. Kuma wasu daga cikin masu zuwa gasar da kake magana daga irin tarinmu suke tsintar nasu.

Abu Khalil:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Abban Walida, labarinka ya sanyaya mini jiki. Na fahimci maganar riga da ruwa, amma idan gwanjo mai kyau ya kai 25,000, shin 5,000 da ta rage za ta ishe ni riga da wando da safa? Sannan idan na bar waya a gida, jiri ya ɗebe ni a hanya, wa zai sanar da iyalina?

Maman Iman:
Maigidana ƙaramar waya mai madannai yake sawa a aljihun zif, da layin da ba a haɗa shi da banki ba. Ya kuma rubuta sunansa da lambata da sunan maganin da yake sha a 'yar takarda ya naɗe a leda tare da naira 1,000 ta abin hawa. Tufafinsa masu haske ne, kuma hannun hagu yake bi domin ya riƙa fuskantar motocin da ke tahowa.

Abban Walida:
Hajiya, na san wanda suka mara saboda sun tarar ƙaramar waya ce a jikinsa.

Na Gwale:
Maganar bin hannun hagu tana da kyau idan akwai inda za a taka. A titinmu gefen da aka yi wa masu tafiya a ƙasa ya zama na masu faci da masu kifi da motocin da aka jera don sayarwa, murafun kwata kuma an sace ƙarafunansu. Maƙwabcina ba ɓarawo ne ya kwantar da shi ba, rami ne, ya zurma har gwiwa da takalminsa sabo, sai da mai ɗori ya yi masa mako shida.

Ɗan Birni:
Shi ya sa nake tafiya Filin Sukuwa da ke unguwar Nasarawa da mota, in ajiye komai a ciki in yi zagayena in dawo.

Na Gwale:
Alhaji, wanda ke Rijiyar Zaki ba shi da mota, kuɗin zuwa Nasarawa da dawowa sau uku a mako ai ya sayi wani takalmin kafin wata ya ƙare. Filin makarantar firamare da muke zagayawa muna yara an yanka gefensa an yi shaguna, na unguwar gaba kuma an kewaye an sa kwaɗo.

Abban Walida:
Fitilun titinmu an kunna su ranar da aka buɗe su, sun yi kamar wata biyu suna ci. Da suna aiki ranar nan, da na hango mutanen tun daga kwana.

Baba Tsohon Soja:
A unguwarmu mun haɗa kuɗi mun sa fitila mai aiki da hasken rana a bakin lungu, sati uku aka cire batirin. Yanzu muna tattauna ko za mu ɗauki mai gadi, amma masu haya sun ce ba za su biya daidai da masu gida ba.