Na tarar an ɗaure gwaggona a gado: wa ya taɓa gamuwa da irin haka?

Maman 'yan biyu, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum jama'a. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, Allah bai ba ta haihuwa ba, ga ruɗewar tsufa ta kama ta, har takan fita da tsakar dare wai za ta ɗakin mijinta da ya daɗe da rasuwa. Dole ce ta sa muka kai ta wani gida mai zaman kansa da ke kula da tsofaffi, muna biya duk wata. Ranar Juma'a na je ban sanar ba, na tarar an ɗaure mata hannun dama da ɗankwali a jikin ƙarfen gado, kunun safe na gefe ya huce har ya yi fata. Mai kula da ita ta ce wai don kada ta faɗi ne. Na nemi takardar magungunan da ake ba ta, aka ce sai mai gidan ya dawo. Shin akwai abin da doka ta ba mu, ko sai dai mu haɗiye?

Tsohuwar nas, Ƙofar Marusa: Wa alaikumus salam, 'yata. Na yi shekaru a asibiti, na sha ganin wannan ɗaurin, kuma galibi ƙarancin ma'aikata ne ke jawo shi. Tsohon da aka ɗaure, fisge-fisgen da yake yi ya fi ji masa ciwo, ga gyambon kwanciya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa mai ba da magani ya bayyana wa majinyaci ciwonsa, da maganin, da illarsa, da kuɗinsa, kuma majinyaci na da damar ya ce ba ya so. A 2018 ma an ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata. Ki koma da littafi, ki rubuta sunan kowane magani. In akwai na sa barci da rana, ki tambayi likitan da ya rubuta shi.

Ɗan Katsina a Amurka: Aikin da nake yi ke nan a nan, Hajiya. Tun 1987 suke da dokar tarayya kan gidajen kula da tsofaffi da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, wato tsarin biyan kuɗin jinya na gwamnati. An hana ɗaure tsoho ko yi masa allurar barci don horo ko don ma'aikaci ya huta. Ba a sallamarsa sai an ba shi sanarwar kwana 30 a rubuce, in ba da larura ba. In ya ba gidan ajiyar kuɗinsa, dole a riƙe lissafi a nuna masa. Kowace jiha kuma tana da jami'in karɓar koke na musamman. Duk da haka ana yin ba daidai ba, kar a ɗauka aljanna ce. Abin da na lura da shi, tsohon da danginsa ke leƙowa ba zato ba tsammani, shi ake fara yi wa wanka.

Malamin firamare, Daura: Ni ta wajen kuɗi aka cuce mu. Babanmu ɗan fansho ne, muka bar katin bankinsa hannun mai jinyarsa don sayen magani. Wata uku Baba na cewa ba ya ganin naman da ya saba ci ranar kasuwa, muna cewa rigimar tsufa ce. Sai da na mayar da saƙon banki kan wayata na ga ana cirewa kullum a wajen mai POS. Har yau kunyar ƙaryata shi da muka yi ke damuna, fiye da kuɗin.

Wani dattijo, Ƙofar Soro: Ku yi haƙuri, amma mu da muka taso, ko baƙo ya tsufa a unguwa ba a kai shi gidan gajiyayyu, balle gwaggo.

Maman 'yan biyu: Baba, na ji maganarka, kuma ba ka faɗi ƙarya ba. Sau biyu muna tsinto ta bakin titi kafin asuba, ɗaki biyu gare mu da yara shida.

Ma'aikacin kotu mai ritaya: Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wulaƙanta mutum, bai ware tsoho ba. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa na da ofis a Katsina, kai koke kyauta ne. Akwai kuma cibiyar dattawa ta ƙasa da Buhari ya sa wa dokarta hannu. Ki ɗauki hoton hannun, ki rubuta rana da lokaci, ki nemi kwafin yarjejeniyar da kuka sa wa hannu.

Maman 'yan biyu: Na gode ƙwarai. Na koma jiya tare da yayana. Babu wata yarjejeniya ashe, rasit kawai ake ba mu. Magunguna huɗu ne, ɗaya babu sunan likita a kai, mun hana a sake ba ta. An sauke mata katifa ƙasa. Da za mu tafi ta riƙe mayafina, ta ce in kawo mata goro da carbinta.