Tela gurgu da abokinsa: yaya zan rubuta labarinsu?

Mai tambaya, daga Agege:
Assalamu alaikum. Ina rubuta dogon labari da nake son sakewa babi-babi a WhatsApp. Tauraronsa tela ne a Agege wanda shan inna ta taɓa masa ƙafa tun yana ƙarami, kuma zuciyarsa ta karkata ga amininsa, wani mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Iyayen mai tumatir sun matsa masa ya koma gida ya auri 'yar kawunsa, shi kuwa telan babu wanda ya taɓa yi masa zancen aure. Yaya zan yi kada telan ya zama abin tausayi kawai?

Amsa daga Idi-Araba:
Malam, ni da sanda nake tafiya, kuma shirun nan da ka ambata shi ne zuciyar labarinka. A gidanmu an aurar da ƙannena biyu ba a ko dubi inda nake ba, kamar gurgu ba ya so kuma ba a sonsa. Ga telanka wannan shirun rufin asiri ne, tunda babu mai tuhumarsa, amma kuma raini ne, kuma ya san da haka. Ka nuna shi yana jan jiki a matakalar gadar tsallaka titi, kwandastan motar haya ta danfo yana masa tsawa ya yi sauri, sannan ka ba shi zafin rai da rowa da iya ɗinki. Don Allah kada ka warkar da shi a babin ƙarshe.

Amsa daga Obalende:
Ni ban goyi baya ba, domin addininmu ya haramta wannan. Ban da haka, dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga bayyana irin wannan soyayya a bainar jama'a. Ka mayar da ita amintaka zalla, ka huta.

Mai tambaya:
Na gode muku. Dokar za ta shiga labarin, domin ita ce ta sa su biyun ba sa zama kusa da juna ko a wurin mai shayi. Wadda take ba ni wahala yanzu ita ce mahaifiyar mai tumatir, wadda ba na so ta fito muguwa, alhali shekara uku ke nan tana tara kayan lefe a ƙarƙashin gadonta.