Ni bahago ne: shin ya dace in sa a ƙera mini jitar bes ta musamman domin kiɗan Wailers?

Bahagon Bes, Kaduna

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan harka. Shekara huɗu ke nan ina kaɗa jitar bes a wata ƙungiya da ba ta kaɗa komai sai waƙoƙin Bob Marley da Wailers, kuma babban wasanmu na kowace shekara shi ne na 11 ga Mayu, ranar da Marley ya rasu a 1981. Aikina a ƙungiyar shi ne bin sawun Aston Barrett, wanda aka fi sani da Family Man, mutumin da ya riƙe bes ɗin Wailers tun farkon shekarun 1970, ya kuma rasu a watan Fabrairun 2024. Da jitar bes ƙirar Jazz Bass ta kamfanin Fender aka fi saninsa, kuma irin sautinsa mai kauri da taushi nake fafutukar samu.

Matsalar ita ce ni bahago ne, jitar da nake amfani da ita kuwa ta masu hannun dama ce, juya ta kawai na yi na sauya jerin tsirkiyoyin. Maɓallan sauti sun koma ƙarƙashin damtsena, har sukan murɗe da kansu a tsakiyar waƙa, sannan dogon ƙahon da ake maƙala maɗauri a jikinsa ya koma ƙasa, saboda haka kan jitar yana ta rinjaya, hannuna na dama yana tallafe wuyan maimakon ya mai da hankali ga danna tsirkiya. Na yi shekara biyu ina tara kuɗi, kuma ina so in sa a ƙera mini ta bahago mai siffar Jazz Bass. Abin da ya shige mini duhu shi ne ko in ba maƙeri na gida ko in yi oda daga waje, da irin katakon da zai jure yanayinmu, da kuma ko wajibi ne ta yi kama da ta Family Man sak, tunda kwaikwayonsu muke yi.

Kafinta Mai Gyaran Jita, Jos

Wa alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina gyaran jita, na kuma ƙera kaɗan da hannuna, saboda haka bari in fara da abin da ke kashe jita a ƙasar nan, wato wuya. Tsirkiyoyi huɗu na bes suna jan wuyan da ƙarfin da ya haura kilo 70, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. A lokacin hunturu danshin iska a Kaduna yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a watan Agusta kuma ya haura kashi 80, alhali katakon jita ya fi samun natsuwa a tsakanin kashi 45 da 55. Katako yana shan danshi ya kumbura, yana bushewa ya tsuke, shi ya sa za ka ga jitar da take lafiya lau da damina, da hunturu ya kama sai bakin ƙarafan da ke gitta allon yatsu, waɗanda muke kira firet, su fito suna yankar hannu.

Duk maƙerin da ka je wurinsa, tambayar farko ita ce tun yaushe katakon wuyan yake ajiye. Ƙa'idar da muka gada ita ce shekara ɗaya ga kowane inci ɗaya na kauri idan iska ce kaɗai ke busar da shi, kuma ana so danshin da ya rage a cikinsa ya kasance tsakanin kashi 6 da 8. Katakon da ake sayarwa domin rufin gida da kujeru yawanci bai kai nan ba. Ka nemi a haɗa wuyan da falle uku ko biyar da aka manne, domin idan ɗaya ya so karkacewa sauran su riƙe shi, a kuma sa masa sandar ƙarfe mai murɗuwa ta fuska biyu, wadda ke gyara wuyan ko gaba ya lanƙwashe ko baya.

Abu na biyu shi ne lissafi. Tsawon tsirkiyar Jazz Bass daga kai zuwa jaki, inda tsirkiyoyi ke zama a kan gangar jiki, inci 34 ne, wato milimita 864. Firet na 12 dole ya faɗo daidai tsakiya, a milimita 432, na farko kuma a kusan milimita 48.5, domin kowace tazara ana samunta ne ta raba tsawon da ya rage da 17.817. Kuskure a nan idan ya yi yawa kunne zai ji shi, kuma yana iya kai wa ga sauya allon gaba ɗaya. Wanda zai auna da tef ɗin tela ya yanka da zarton hannu ba tare da ma'auni na musamman ba, ka gode masa ka wuce.

Game da gangar jiki, Fender ta fi amfani da katakon alda da ash, wuya kuma mafal, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke tsirowa a nan. Maɗaci ɗan'uwan mahogani ne, yana da kyau ƙwarai bayan fenti, amma yana da nauyi, kuma jitar da ta wuce kilo huɗu da rabi kafaɗarka za ta gaya maka bayan wasan awa biyu. Ni na fi son malaina idan ta bushe sosai, domin ba ta da nauyi kuma ba ta cika motsi ba. Kanya, idan an samu baƙar zuciyarta, tana yin allon yatsu mai ƙwari. Shawarata ta gaskiya, ko da yake tana rage mini ciniki, ita ce ka sayo wuyan bahago da aka riga aka gama daga kamfani irin Warmoth na Amurka, wanda ke da lasisin Fender, a sassaƙa maka gangar jiki a gida. Kusoshi huɗu ne ke haɗa su, kuma faɗin gurbin wuyan sananne ne, inci biyu da rabi.

Tsohon Makaɗi, Nima, Akara

Ɗana, kafinta ya faɗi gaskiya a kan katako, amma ina ganin kana shirin zuba kuɗinka a inda sautin ba ya nan. Na kaɗa rege tun kafin a haifi da yawa daga cikinku, kuma abin da na koya shi ne sautin Family Man yana cikin tsirkiya da yatsa da sifika kafin ya kai ga katako. Ka fara da tsirkiyoyi masu sulɓi, waɗanda aka naɗe da ƙarfe mai faɗi, irin na kamfanin La Bella, domin da irinsu jitocin Fender suke fitowa daga masana'anta a shekarun 1960 da farkon 1970. Masu kaushin da suka cika kasuwa yanzu suna da ƙara mai kaifi wadda ba ta da gurbi a wannan kiɗa. Masu sulɓin kuwa suna ƙara daɗi ne idan sun tsufa, kuma za su yi maka shekaru ba ka sauya ba. Bayan haka ka rage maɓallin kaifin sauti, ka buɗe fikof ɗin da ke kusa da wuya, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, ka kaɗa a kusa da ƙarshen allon yatsu da tsokar yatsa, a hankali, ka bar amfilifaya ta ɗauki nauyin.

Tsirkiyar ƙasa tana girgiza ne sau 41 a daƙiƙa, kuma ƙaramar sifika ba ta iya fitar da wannan, ko da jitar ta zinariya ce. Na sha ganin yaro da jita mai tsada yana kaɗawa ta cikin akwatin da bai fi na rediyo ba, mutane suna ganin yatsunsa suna motsi amma ƙirjinsu bai ji komai ba. Squier, wadda ita ma ta Fender ce, tana yin Jazz Bass ta bahago a farashi mai sauƙi. Ka sayi wannan, ragowar kuɗin ka sayi akwati mai sifika inci 15 ko 18.

Maganar kama kuwa, ka kwantar da hankalinka. A ƙungiyoyin da ke kwaikwayon Beatles abin ya zama dole, domin Paul McCartney bahago ne kuma kowa ya san jitarsa ta Höfner mai siffar goge na Turawa, har akwai masu hannun dama da ke sake koyon kiɗa da hagu saboda wannan kawai. A wasan Wailers idon jama'a yana kan mawaƙi, kai kuma kana baya kusa da mai ganga, inda a da Family Man yake tsayawa kusa da ƙaninsa Carlton, mai gangar Wailers. Abin da za a kama ka da shi shi ne idan ka cika wuraren da shi yake barin shiru.

Kafinta Mai Gyaran Jita, Jos

Baba, ban musa maka ba a kan tsirkiya, sai dai akwai abu biyu da shawararka ta jawo. Tsirkiyoyi masu sulɓi galibi sun fi masu kaushi jan wuya, don haka maganar wuya mai ƙwari ta ƙara ƙarfi ne. Sannan fikof biyu na Jazz Bass an naɗe su ne ta fuskoki masu saɓani, sai an buɗe su daidai wa daida suke kashe gunjin lantarki. Idan ya buɗe na wuya shi kaɗai kamar yadda ka ce, a dandalin da janareta ke ba da wuta kuma babu wayar ƙasa, gunjin zai fito fili duk lokacin da waƙa ta yi shiru. Ko wace jita ya ɗauka, a shimfiɗa mata fallen tagulla a cikin ramukan wayoyi, a kuma sa fikof mai naɗi biyu wanda ke kashe gunjin da kansa.

Mai Bes a Birmingham

Ɗan'uwa, ni na bi hanyar da kake tunani, na sa wani maƙeri a nan Ingila ya yi mini, kuma zan gaya maka inda na yi tuntuɓe. Mun yi magana da baki kawai, na ce ina son wuya irin na Jazz Bass, na ɗauka mun fahimci juna. Ya ce wata shida, sai da aka yi wata goma sha huɗu, kuma da jitar ta zo wuyan ya fi abin da hannuna ya saba kauri daga baya, ko da yake faɗinsa a kai daidai ne, milimita 38. Ban iya cewa komai ba domin ban rubuta kaurin ba. Jitar da aka yi domin mutum ɗaya ba a mayar da ita, kuma idan ka tashi sayarwa ba za ka samu abin da ka kashe ba, balle ta bahago wadda masu nemanta kaɗan ne.

Saboda haka ka rubuta komai: faɗin wuya, kaurinsa a firet na 1 da na 12, iyakar nauyi, irin fenti, ranar gamawa, da abin da zai faru da kuɗin kafin alƙalami idan ranar ta wuce. Ka rubuta har da mazaunin fikof na baya, domin Fender ta fito da Jazz Bass a 1960, amma a wajajen 1970 ta matsar da shi kusan santimita ɗaya zuwa wajen jaki, kuma maƙera suna tambayar wanne kake so.

Kada ka yarda a manna maka tambarin Fender a kai. A 2009 hukumar alamun kasuwanci ta Amurka ta ƙi ba kamfanin mallakar siffar gangar jikin wasu fitattun jitocinsa, shi ya sa ake kwaikwayon siffar a ko'ina, amma suna da siffar kai nasu ne har yau, kuma jitar da ke ɗauke da sunan da ba nata ba jabu ce. Idan daga waje za a aiko maka, ka tambayi katakon allon yatsu. Tun Janairun 2017 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ido a kan dukkan dangin katakon rozwud, daga baya a Nuwamban 2019 aka sassauta wa kayan kiɗan da aka gama ƙerawa, ban da rozwud na Brazil wanda har yanzu sai da takarda. Ka kuma lissafa kuɗin jirgi da na kwastan da na akwati mai ƙwari tun kafin ka ce ka amince da farashi.

Bahagon Bes, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karɓi maganarka, na riga na yi odar tsirkiyoyi masu sulɓi, zan ɗaura su a kan tsohuwar jitar in ji iya abin da za su sauya kafin in taɓa sauran kuɗin, kuma na yi magana da shugaban ƙungiyarmu a kan mu haɗa hannu mu sayi babban akwatin sifika tunda amfanin na kowa ne. Sai dai ban fasa neman ta bahago ba, domin ciwon da hannuna na dama yake yi bayan kowane wasa ba tsirkiya ce za ta magance shi ba. Na fi karkata ga shawarar sayo wuya daga waje a sassaƙa gangar jiki da malaina, ba tare da wani tambari a kai ba, kuma zan auna wuyan jitar da nake da ita in rubuta alƙaluman kamar yadda ɗan'uwa na Birmingham ya ce.

Malam kafinta, saura tambaya ɗaya. Idan wuyan ya iso a watan Disamba, tsakiyar hunturu, shin a haɗa shi nan take ne, ko a bar shi ya yi makonni a ɗaki ya saba da iskarmu kafin a daidaita firet ɗin? Ina so jitar ta kasance a hannuna tun watan Maris, domin in samu wata biyu ina atisaye da ita kafin 11 ga Mayu.