Don Allah ina neman shawara kan sabis ɗin waya a ƙauyenmu

Assalamu alaikum jama'a. Ƙauyenmu yana bayan duwatsu, nesa da eriya, sabis sai an hau kan tudu an ɗaga waya sama. In Baba ya kwana da zazzaɓi ba ma ji sai ranar kasuwa. Mu 'yan ƙauyen da ke birni mun yi karo-karo don mu magance wannan, amma mun rasa ta inda za mu kama.

Mun fara tunanin Starlink, wato intanet ɗin da ake kamawa da faranti daga tauraron ɗan adam, tunda yana aiki a Najeriya tun 2023. Matsalar ita ce Wi-Fi yake bayarwa a kusa da faranti, ga kuɗin wata, ga sola da batir. Dattawanmu kuwa ƙananan wayoyi masu madanni suke riƙewa, babu ruwansu da WhatsApp. Wayar Thuraya mai aiki da tauraron ɗan adam ma mun duba, kuɗin kira ya kore mu.

Yanzu kuma ana maganar tsarin da waya ke kama tauraron ɗan adam kai tsaye ba faranti, kamar yadda T-Mobile ya fara a Amurka a 2025, kuma da saƙon tes suka fara. Shin sai waya mai 4G ce kaɗai ke kamawa? Zai yi aiki a cikin ɗakin kwano, ko sai an fito fili?

Kuma waɗannan ƙananan eriyoyi masu sola da ake kafawa a karkara, waɗanda ake haɗa su da tauraro, wa ake nema? Mai gari ne zai rubuta takarda, ko ta hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ake bi? Wanda ya taɓa yi a garinsu ya taimaka mana.