Jakadan da ya taso a cikin aikin ko wanda aka ɗauko daga waje?

Alhaji: Ni dai ra'ayina bai canza ba. Babbar kujerar jakadanci bai kamata a ba wanda bai taso a ma'aikatar harkokin waje ba. Ku dubi William Burns na Amurka. Ya shiga aikin a 1982, ya yi jakada a Jodan, sannan a Rasha daga 2005 zuwa 2008. Shi aka tura Oman a 2013 ya zauna da Iraniyawa a asirce, zaman da ya share fagen yarjejeniyar nukiliya ta 2015. Shekara talatin ya yi yana koyon yadda ake zama da abokin gaba ba tare da an watse ba.

Malama: Allah ya ƙara girma Alhaji, amma tarihin Najeriya bai goyi bayanka ba. Maitama Sule ɗan siyasa ne lokacin da Shagari ya tura shi Majalisar Ɗinkin Duniya a 1981, kuma ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata. Joe Garba soja ne, ya shugabanci Babban Zauren Majalisar a 1989. Tijjani Muhammad-Bande daga jami'a ya fito, shi ma ya riƙe wannan kujera a 2019. Wanne ne a cikinsu ya ba da kunya?

Alhaji: Malama, kin tsinto zakaru uku. Sauran fa, waɗanda aka ba don sun faɗi zaɓe?

Tsohon ma'aikaci: Bari in sa baki, don na ci tuwon aikin nan. Mutane jawabi kawai suke gani a talabijin. Ba sa ganin ƙaramin jami'in da ya kwana yana bin daftarin ƙuduri layi-layi, ko wanda ke tsaye a ƙofar kurkuku yana tuna wa masu gadi cewa Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba shi damar ganin ɗan ƙasarsa da aka tsare. Wanda ya taɓa tsayawa a wannan ƙofa, in ya zama jakada ya san wa zai buga wa waya, kuma ya san abin da ba a rubutawa a takarda. Na yi aiki da wani da aka ɗauko daga waje, mutumin kirki ne wallahi, amma ya yi wa manema labarai alƙawarin da gida ba ta amince da shi ba. Mu muka yi ta yawon gyara.

Ɗalibi: Baba, ina da tambaya. Ita ƙasar da ake tura mutum, ba ta fi son wanda zai ɗaga waya shugaban ƙasarsa ya amsa ba? Ko a Amurka, an yi shekaru da dama kusan kashi 30 cikin 100 na jakadu naɗin siyasa ne.

Tsohon ma'aikaci: Gaskiyarka ɗana, kusanci da fada yana da rana. Amma kusancin yana ƙarewa ranar da gwamnati ta sauka, dangantakar ƙasashe kuwa tana nan.

Alhaji: Ga hujja ma kusa. Da aka kira jakadun Najeriya gida a Satumban 2023, ofisoshin sun daɗe babu jakada. Su wa suka riƙe su? Ma'aikatan nan da ake tsallakewa ranar rabon muƙami.

Malama: Sun riƙe, Allah ya saka musu. Amma mai riƙon ƙwarya ba ya miƙa takardar kama aiki ga shugaban ƙasa, kuma a wurin taro bayan jakadu yake zama. Akwai ƙofofin da ba za a buɗe masa ba komai ƙwarewarsa. Ni abin da nake so majalisar dattawa ta riƙa tambayar duk wanda aka kawo mata, daga ma'aikata yake ko daga jam'iyya: me ka sani game da ƙasar da za a tura ka?

Alhaji: To, a yi tambayar a bainar jama'a, mu ga su wa za su amsa.