Tolérance: haƙuri ne, kawaici ne, ko lamunta?

Jama'a, assalamu alaikum. Makon jiya na kawo muku cigiyar kalma, kun kuwa yi mini ruwan amsoshi, Allah ya saka da alheri. Ga inda na tsaya.

Ga wanda bai ga farkon zancen ba: ina rubuta kundin digiri na biyu a fannin falsafar siyasa, a kan abin da Faransanci ke kira tolérance. Da na je gida Garwa hutu, Kawu ya tambaye ni me nake ta rubutawa har na rame. Na ce, "Kawu, a kan haƙuri ne." Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce in dai haƙuri ne me ya kai ni jami'a, in je in zauna da uwata wata guda. Ya fi ni gaskiya, don kalmar da na ba shi ba ita ce ba.

Masana irin su Rainer Forst na Jamus sun nuna cewa tolérance ba ta tabbata sai in ka ƙi abu a ranka, amma kana da dalilin da ya sa ka bar mai yi ya yi, kuma akwai iyakar da in an tsallake ba za ka bari ba. Ana ƙara sharaɗin cewa kana da halin hanawa. A ce mai gida ne a unguwar Hausawa, yana sallah ya saki hannu, ɗan hayarsa kuwa ƙabalu yake yi, har yana ganin maulidi bidi'a ne. Mai gidan bai yarda da shi ba ko kaɗan, yana iya tashinsa ƙarshen wata, amma bai yi ba, don yana ganin ibadar mutum tsakaninsa ne da Ubangijinsa. To wannan hali nake nema wa suna.

Haƙuri shi ya fi samun ƙuri'a a wajenku, amma ya yi faɗi da yawa. Ana haƙuri da ciwo, da talauci, da zafin Maris a Garwa, alhali ba mai ikon korar rana. Galibi ma wanda ba shi da yadda zai yi ake ba haƙuri: matar da aka yi wa kishiya, talakan da aka ci wa gona. Ɗan hayan nan shi ke haƙuri, mai gidan wani abu daban yake yi. Wani ɗan'uwa daga Marwa ya kawo munyal na Fulatanci, ita ma matsalarsu ɗaya. Juriya kuwa ta ɗaukar nauyi ce. Ta yi daidai da asalin kalmar a Latin, wato ɗaukar kaya, sai dai jaki ma yana da juriya.

Kawaici ne ya ba ni wahala, na kwana biyu ina juya shi. Mai kawaici ya ga abin, bai ji daɗi ba, yana iya magana, ya yi shiru. Saura ƙiris. Amma shirun nan ne cikas. A tolérance ba a hana ka magana ba, kana iya ce wa mutum ƙiri-ƙiri "ka yi kuskure," ku yi muhawara har dare, abin da ka ajiye kawai shi ne sanda. Kawaici kuma na kunya ne, irin na suruki, ba na hujja ba. Kau da kai da halin ko-oho ban ma tsaya kansu ba, wanda bai damu ba ai ba abin da ya bari.

Wata Yaya daga Njamena ta ce a yi amfani da "zaman tare," tunda can cohabitation pacifique ake cewa, mu kuma nan Kamaru vivre-ensemble ya cika bakin 'yan siyasa. Yaya, zaman tare shi ne amfanin gonar, ni irin nake nema.

Wadda na tsaya a kanta ita ce lamunta. Ku saurari labarai: "Gwamnati ta ce ba za ta lamunci kaza ba." Mun daɗe muna amfani da ita a korewa, ba mu lura muna da ita a tabbatarwa ba. Ba mai cewa "na lamunta" sai wanda ke iya hanawa, ba a kuma lamuntar abin da ake so, maraba ake yi da shi. Iyakar ma tana ciki, tunda "ba zan lamunta ba" na nan a gefe tana jira.

Asalinta ma ya yi mini daɗi. Daga lamuni take, shi kuma daga damān na Larabci, kamar yadda harafinsa na farko ya koma "l" a larura da lamiri da alƙali. Duk ɗan kasuwa ya san lamuni: ka ba da kaya bisa amana, ko ka tsaya wa wani. John Locke, masanin falsafa ɗan Ingila, wanda ya rubuta wasiƙarsa a kan wannan batu yana gudun hijira a Holan, ta fito a 1689, ya cire wanda bai yarda da Allah ba daga cikin waɗanda za a lamunce wa, hujjarsa ita ce alkawari da rantsuwa ba sa ɗaure irin wannan mutum. Da Hausa sai mu ce Locke ya ƙi tsaya masa lamuni. Ban yarda da hujjar ba, amma kun ga yadda kalmar ta zauna daram.

Wani Malam ya soke ni cewa lamunta tana warin sarauta, babba ne ke lamunce wa ƙarami. Gaskiya ne, Malam, amma ita ma tolérance haka take wari. A 1598 Sarki Hanri na 4 ya ba Kiristoci 'yan Furotestan na Faransa izinin ibada da dokar Nant, a 1685 jikansa Luwi na 14 ya soke ta, dubun dubata suka bar ƙasar. Abin da sarki ya ba da, sarki ya karɓe. Kalmar da ta ɓoye wannan aibi ba ta fassara gaskiya ba. Shi ya sa a kundina zan raba biyu: lamuntar mai iko, irin ta Nant, da lamuntar juna, inda 'yan ƙasa ke tsaye kafaɗa da kafaɗa, kowa yana da abin da ya ƙi a wajen ɗan'uwansa. Kishiyarta kuma rashin lamunta.

Abu ɗaya ya rage: sunan mai wannan hali. "Mai lamuni" zai sa a zaci mai ba da bashi ne, "mai lamunta" kuma ya yi mini tsayi a baki. Wanda ke da ta cewa ya ajiye a ƙasa kafin Juma'a, ranar zan kira Kawu in gwada masa.