Wace taya ta dace da ranar shiga filin tsere?

Ɗan_Kwana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masana nake nema kan taya. Motar da tayoyin baya take tuƙawa, nauyinta wajen kilo 1,400, ba a taɓa injin ko shoka ba. Tayoyin da ke kanta 245/40R18 ne a kan wili mai faɗin inci 8.5, irin na hawan yau da kullum. Niyyata in riƙa shiga filin tsere a ranakun da ake buɗe wa masu motocin gida, ba gasa ba, zango huɗu ko biyar a rana, kowanne minti 20. Da motar za a je filin, da ita za a dawo, ita ce kuma ta zirga-zirga sauran ranaku.

In wuce kai tsaye zuwa tayoyin nan masu ƙarancin zane irin su Toyo R888R ne, ko masu lamba 200 sun wadatar? Zan iya ƙara faɗi daga milimita 245 zuwa 265 a kan wilin nan? Kuma iska nawa ake sawa?

Baba_Geji

Wa alaikumus salam. Malam, ka ajiye maganar R888R tukuna.

Ka duba gefen taya, za ka ga an rubuta TREADWEAR da lamba a gabanta. Tsarin Amurka ne na nuna yadda roba ke saurin cinyewa: ƙaramar lamba, roba mai taushi, kama kwalta sosai, ƙarewa da wuri. Amma kamfanin da ya yi tayar shi ke sa lambar, kuma yana da damar ya rubuta ƙasa da abin da gwaji ya nuna. Saboda haka 200 na wannan kamfani ba 200 na wancan ba ne. Rukuni kawai take nuna maka.

Masu 300 zuwa 340, irin su Michelin Pilot Sport 4S da Continental ExtremeContact Sport 02, tayoyin titi ne masu ƙarfi. Suna da kyau a ruwa, suna daɗewa, kuma idan ka kusa ƙure su sai su fara kuka kafin su saki. Wannan kukan shi ne malamin sabon shiga. Matsalarsu zafi: bayan zagaye huɗu ko biyar ana matsa musu, roba ta yi laushi, motar ta fara santsi kamar an zuba mai a hanya, kuma idan aka ci gaba da tilasta su, kafaɗar waje ta tayar gaba sai ta fara ɓantarewa gutsure-gutsure. Dalili shi ne zanensu mai zurfi ne, kusan milimita 7 zuwa 8. Kowane ɗan tubalin zane yana lanƙwasawa yana miƙewa a cikin kwana, wannan motsi shi ke haifar da zafin da ke yaga shi.

Masu 200 su ne inda akasarin masu zuwa fili suke tsayawa, amma su ma gida biyu ne, kuma nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Akwai na gudun ɗan lokaci: Bridgestone Potenza RE-71RS, Yokohama Advan A052, Falken Azenis RT660. Waɗannan suna ɗaukar zafi nan da nan, zagaye biyu ko uku na farko ba a kama su, daga nan kamun ya ragu sai ka sassauta sun huce. Ga mai neman lokaci mafi ƙanƙanta a zagaye guda, su ne. Sai kuma na juriya: Hankook Ventus R-S4 da Continental ExtremeContact Force. Ba su kai na farkon kamu ba, amma yadda suke a minti na 3 haka za ka same su a minti na 18, kuma suna daɗewa nesa ba kusa ba. Kai da za ka yi minti 20 sau biyar a rana kana koyon layi da wurin taka birki, tayar da halinta ba ya canzawa ita za ta amfane ka. Idan taya tana sauya hali kowane zagaye, ba za ka gane ko kai ne ka yi kuskure ko ita ce ta gaji ba.

R888R lambarta 100, Hoosier R7 kuwa 40. Kamunsu yana ɓoye kuskuren direba har sai gudun ya yi yawa, sannan su saki ba tare da dogon gargaɗi ba. Kuma suna buƙatar kamba (kwantar da saman taya zuwa cikin mota) da shoka waɗanda motarka ba ta da su yanzu.

Idan tayoyinka na yanzu masu 300 ne kuma da sauran zane, ka yi ranakun farko da su. Sun ƙare, ka sa na juriya masu 200.

Injiniya_Wili

Na yarda da Baba. Ni kan faɗi zan yi magana. 265/35R18 wili mai inci 9 zuwa 10.5 take so, naka 8.5 ya yi mata kaɗan. Za ta shiga in an matsa, amma wilin zai tsuke bakinta, gefenta ya kumbura, tsakiyarta ta tashi. Sai ka juya sitiyari motar ta ɗan yi jinkiri kafin ta amsa, domin gefen tayar sai ya gama lanƙwasawa tukun. Ka biya kuɗin roba mai faɗi, amma wadda ke taɓa ƙasa ba ta ƙaru yadda kake zato ba. Taya 245 ana sa ta a wili 8 zuwa 9.5, kenan a kan 8.5 tana zaune daidai.

In dole sai ka ƙara, 255 ce iyaka, kuma ka yi lissafin tsayi. Tayarka: inci 18 milimita 457 ne, gefe kashi 40 cikin 100 na 245 wato 98, sama da ƙasa 196, jimla 653. 255/40R18 tana ba da 661, 255/35R18 kuma 636. Duk suna cikin kashi 3 cikin 100 da aka saba ba da shawarar kada a wuce, saboda ABS (na'urar da ke hana birki kulle taya) da na'urar hana santsi daga juyawar ƙafafu suke lissafi. Ka sani kuma tayoyi masu 200 sukan fi lambarsu faɗi, kafaɗunsu a miƙe suke. Bayan an ɗaura, a juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu a duba ko tana gogar shoka ko rufin cikin fenda.

Abubuwa uku ka karanta a gefen taya kafin ka biya. Lambar kaya: 93 kilo 650 ne kowace taya, 97 kuwa 730, kada ka sauka ƙasa da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Harafin gudu: W kilomita 270 a awa, Y 300. Ko ba za ka kai can ba, harafin yana nuna yadda ginin tayar ke jure zafi. Sai lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Ga aikin fili, ka nemi wadda ba ta wuce shekara biyu da yi ba, kuma huɗun su kasance iri ɗaya. Tayar da aka taɓa yi wa faci ba ta shiga fili.

Baba_Geji

Na manta ban amsa maganar iska ba, alhali ita ce ta fi kashe taya.

Lambar da ke jikin ƙofa ta titi ce, ana auna ta taya na sanyi. A fili, iskar da taya take da ita lokacin da ta yi zafi ake bi. Kowane ƙarin zafi na digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Salsiyos yana ƙara kusan psi 1 (psi shi ne ma'aunin iskar taya), kuma a zango guda iska takan hau da psi 5 zuwa 8, wani lokaci fiye a tayar gaba da ke shan nauyin kwana. Wanda ya shiga da 35 zai fito da 42 ko sama: tsakiyar taya kaɗai ke taɓa ƙasa, gaban mota ya ƙi shan kwana, yana ta turawa waje.

Ga mota mai nauyin taka da taya mai 200, ka nufi psi 32 zuwa 36 da zafi, sai in kamfanin tayar ya faɗi wata lamba. Da safe ka fara da 28 zuwa 30. Zagaye biyu na farko a hankali, kada ka hau kan dakalin kwana, domin da ƙarancin iska gefen taya ba shi da ƙarfi. Kana fitowa daga zango ka auna nan take, kafin ka cire hular kwano ma, ka rage kowace taya zuwa lambar da kake so. Ba za su tashi daidai ba. A filin da ake zagayawa ta dama, tayar gaba ta hagu ita ke shan wahala. Bayan zango na biyu ka sake aunawa, yawanci daga nan sai ta zauna. Idan sun huce za ka ga lambar ta faɗi, kowace da tata, kada ka ƙara. Amma da yamma kafin ka hau titi, ka mayar da su lambar jikin ƙofa. Geji ɗaya mai kyau ka riƙe duk ranar, domin geji biyu sukan saɓa da psi 1 ko 2.

Ka ja layi da alli daga kan zane zuwa gefen taya a wurare uku. Bayan zango, duba inda allin ya goge. In ya tsaya a ƙarshen zane, lafiya. In ya gangara kan gefe, tayar tana kwanciya: ko iska ta yi kaɗan, ko kamba bai isa ba, ko kana shiga kwana da gudun da ya wuce kima kana ƙara juya sitiyari. Na ukun ya fi yawa a wurin sababbi, kuma babu tayar da ke maganinsa.

Wanda ke da ma'aunin zafi mai allura, ya soka a wuri uku: ciki, tsakiya, waje, kamar santimita 2 zuwa 3 daga kowane baki. Abin da ake so, ciki ya fi waje da digiri 5 zuwa 10, tsakiya ta faɗo tsakaninsu. Tsakiya ta fi duka zafi, iska ta yi yawa. Ta fi duka sanyi, iska ta yi kaɗan. Waje ya fi ciki, kamba ne. Ma'aunin da ake haskawa daga nesa fatar sama kawai yake karantawa, ita kuwa tana hucewa cikin daƙiƙoƙi.

Kamba, wato kwantar da saman taya zuwa cikin mota, yawancin motoci suna fitowa da digiri 0.5 zuwa 1.5. Taya mai 200 tana son 2 zuwa 3 a gaba. Idan ba a yi ba, kafaɗar waje za ta cinye har waya ta fito alhali cikin tayar sabo ne fil. Tunda motar ta yau da kullum ce, ka tsaya wajen 2, kuma mai alaimen ya miƙe bakin tayoyin gaba sosai, domin karkacewar baki ita ke cin gefen ciki a titi fiye da kamban kansa.

Ɗan_Kwana

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To idan ruwa ya sauka ranar fa? Kuma saiti ɗaya zai iya ɗaukar titi da fili duka?

Hajiya_Birki

Ɗan'uwa, a nan na ɗan saɓa da Baba. Saiti ɗaya zai yi, amma ba kyauta ba. Duk lokacin da taya ta yi zafi sosai ta huce, robar tana ƙara tauri, kuma ba ta komawa. Taya mai 200 tana iya mutuwa da sauran zane a jikinta: ka ga lokacinka yana ƙaruwa, motar tana zamewa tun zagaye na farko, farce ba ya shiga robar. Ga ƙara a titi, ga tsakuwa da take ɗebowa tana watsa wa jikin mota. In za ka je fili sau biyu ko uku a shekara, mai 300 ta fi dacewa da kai. In ya wuce haka, saitin wili da taya na biyu shi ne kwalliyar da ke biyan kuɗin sabulu.

A ruwa, zurfin zane ne magana. Milimita 1.6 da doka ta sa a ƙasashe da yawa ba ma'aunin fili ba ne. Ƙasa da 4, ruwan da ya kwanta zai ɗaga tayar daga kwalta, sitiyari ya yi sakayau. A hanya mai danshi kawai masu 200 suna yi, amma inda ruwa ya taru mai 300 ta fi su. Kuma ranar ruwa taya ba ta zafi sosai, don haka kada ka rage iska kamar ranar rani, ka fara kusa da lambar jikin ƙofa.

Abin da ba a ambata ba: ƙarin kamu ƙarin aiki ne ga birki. Kafin ka sa masu 200, ka zuba sabon man birki DOT 4 mai jure zafi, ka sa fad ɗin birki na fili ko aƙalla wanda bai ci rabi ba. Baƙin mai ya kai layin sama, domin a doguwar kwana yana taruwa gefe guda famfo ya ja iska. Boris ɗin ƙafa ma a girgiza a ji.

Sabuwar taya kada ta fara da fili. Ka yi kilomita 150 zuwa 300 a titi santsin masana'anta ya goge, ko ka yi mata zango guda a hankali ta kwana awa 24. A canza bawul tare da taya, a sa murfi mai robar toshewa a ciki. Notocin ƙafa a ɗaure da sifana mai awo daidai da littafin motar, galibi tsakanin Nm 110 da 140 (Nm shi ne awon ƙarfin ɗauri), a sake dubawa tsakanin zango amma sai wili ya huce, don wanda aka ɗaure da zafi yakan wuce awo. Da tsakar rana ka duba tayar gaba da ta fi cinyewa. In an rubuta OUTSIDE a gefenta, kana iya musanya dama da hagu. In kibiya ce a jiki, gaba da baya kawai za ka musanya, a gefe ɗaya, shi ma sai in girman tayoyin da wilin duka ɗaya ne.